Zomon da Likita Ta Hana Gurasa

Duk wanda ya daɗe a unguwar Muharram Bek ta Iskandariya ya san Awatif, wadda kowa ke kira Ummu Shadi. Shekara talatin da 'yan kai tana ɗinkin labule da rigunan kujeru a hawa na uku, ba a taɓa dawo mata da aiki ba, domin mace ce mai awo. In ta ce kamu biyu da rabi, to biyu da rabi ne, ko da mai labulen zai yi rantsuwa da kabarin ubansa. Mijinta Usta Galal, direban bas, ya rasu shekara shida da suka wuce. Ɗanta Shadi yana Kuwait, yana kiranta duk Juma'a ya tambaye ta hawan jini. Bayan ɗinki, abin da aka san ta da shi miyar lalo ce da naman zomo, irin wadda ƙamshinta ke sa mutanen hawa na biyar su tuna suna da saƙon da za su kawo mata.

Wannan matar ce Allah ya jarabce ta da zomo mai rai.

Labule ta je ratayewa a asibitin Dakta Mirfat, likitar dabbobin da ke bakin titi. Makonni uku ke nan da bikin Shammun Nasim, lokacin da iyaye ke saya wa yara 'yan tsaki da zomaye, a yi wasa da su a gaji. Tana kan tsani ta hango wani abu ruwan toka a keji, ƙashi da fata, haƙoransa biyu sun fito waje sun lanƙwashe.

"Dakta, wannan kuma me ya same shi?"

"A kwali aka ajiye mini shi a bakin ƙofa, Hajiya. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro. Na wannan ba sa haɗuwa balle su goge juna, sai an riƙa rage masa su duk wata. Cikinsa ma yunwa ta lalata shi. Gida yake bukata, nan karnuka sun hana shi sakat."

"Ni dai abin da na sani game da zomo, tafarnuwa ce da tukunya."

"Na sani. Shi ya sa tun ɗazu nake tsaye tsakaninku."

Awatif ta yi dariya, ta sauko, ta sa yatsa ta cikin keji. Zomon ya ɗora haɓarsa a kai ya yi shiru. Ta ce mako biyu kawai za ta riƙe shi, kafin a samu mai so. Likita ta rubuta mata doka a takarda, ta karanta mata sau biyu: busasshiyar ciyawa yankakkiya kullum, ɗan ganye kaɗan, kunun ciyawa a sirinji safe da yamma. Ba gurasa, ba zaƙi, ba komai daga tukunyar mutane. In ya ci, cikinsa na iya tsayawa cak, zomo kuwa in cikinsa ya tsaya kwana biyu, sai haƙuri.

Mako biyu ya zama wata biyar. Ta sa masa suna Mishmish, kuma wahalar da ta sha a kansa ko Shadi bai ba ta irinta ba. Mai sayar da abincin dabbobi ya rantse mata ɗanyar ciyawa ta fi, ta ce busasshiya aka ce. Ya ce uban ubansa ma da ɗanya ya yi kiwo. Ta ce uban ubansa ba likita ba ne. Almakashin da ba ta yarda kowa ya yanka ko takarda da shi ba, shi ta koma yanka ciyawa da shi. Mishmish ya yi fitsari a kan yadin amarya, ya tofa mata kunu a gilashin ido, ranar rage haƙori kuwa sai ta ɗauke shi a kwando ta sauko hawa uku da gwiwa mai ciwo. Mai sayar da kaji na unguwar kuma ba ya gajiya da tsokanarta.

"Hajiya, ina Basha, sarkin zomaye? Ya yi nama kuwa? Wuƙata na nan fa, kyauta!"

"Ka fara yanka tumbinka, ya fi shi auki."

Wannan duk mai sauƙi ne, masu ba'a ba sa shigowa gida. Matsalar Awatif tana ƙofar da ke kallon tata. Ummu Ra'afat, maƙwabciyarta ta shekara ashirin da takwas, mace ce mai kirki har kirkin ya yi mata yawa. Ita ta wanke Shadi ranar da aka haife shi. Ba ta iya ganin baki ba ta sa masa wani abu ba, ko na mutum ko na mage. A wannan bene kuwa, kamar kowane bene a garin, ba a cewa an ƙoshi. Ka ce a'a sau ɗaya, ladabi ne. Ka ce sau biyu, kunya ce. In ka kafe a na uku, ka raina hannun mai abinci ke nan.

Ranar da ta fara ganin Mishmish yana fama da ciyawarsa, Ummu Ra'afat ta dafe ƙirji.

"Ummu Shadi, ki ji tsoron Allah! Tsintsiya kike ba bawan Allah?"

"Abincinsa ke nan. Likita ce ta ce."

"Likita! Yarinyar da ko shinkafa ba ta iya dafawa ba? Ki dube shi fa, ido duk ya zurma."

Awatif ta ɗauko takardar ta karanta mata. Ummu Ra'afat ta ce to. Bayan kwana uku Awatif ta tsinci ɓarɓashin gurasa a ƙarƙashin keken ɗinki. Ta sake bayani, har da zana ciki da hanji a bayan takardar awo. Ummu Ra'afat ta ce wallahi ta gane. Mako na gaba sai ga guntun biskit. "Ɗan mitsitsi ne, 'yar'uwa, don dai kada ya ga muna ci ransa ya biya." Awatif ta maƙala takardar likita a jikin firji, ta rubuta wata da manyan baƙaƙe ta liƙa a keji. Duk a banza. Abin da ya fi ƙona mata rai, matar ba musu take yi ba. Za ta gyaɗa kai, ta ce gaskiyarki, hannunta kuma yana cikin aljihun riga yana gutsurar gurasa.

Wata Talata aka kira Awatif rataye labulen gidan amarya a unguwar Sumuha, aikin yini guda. Ba ta da wanda za ta bar wa mabuɗi sai wadda ta saba bar wa.

"Ruwa kawai za ki duba masa. Ruwa, Ummu Ra'afat. Na haɗa ki da girman Allah."

"Haba, sai ka ce yarinya? Je ki abinki."

Da ta dawo da la'asar lafiya lau ta same shi. Washegari da safe ya ƙi ciyawa, ya ƙi sirinji, ya takure a lungu yana cizon haƙora. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Ta duba kejin kaf, babu kashi ko ƙwaya ɗaya. Da silifas ɗin wanka ta isa asibiti.

Dakta Mirfat ta danna cikin, ta ɗago ta kalle ta. "Me ya ci?"

"Ciyawa."

"Hajiya."

Awatif ta sunkuyar da kai. Aka yi masa allura. Likita ta ce ta riƙa ɗura masa kunu duk bayan awa uku, tana murza masa ciki a hankali. In ya yi kashi kafin jibi ya tsira, in bai yi ba, ba ta da abin da za ta ƙara.

Ta ajiye shi a gida, ta fito ta buga ƙofar maƙwabciyarta irin bugun da ba ta taɓa yi ba.

"Me kika ba shi jiya?"

Ummu Ra'afat ta fito tana goge hannu. "Lafiya? Gurasa ce kawai na jiƙa a shayi da madara. Sai ɗan basbusa, wainar nan mai zaƙi, ko rabin yatsa bai kai ba. Da kin ga yadda ya ci! Har yana lasar hannuna. Yunwa kike kashe shi da ita, ni dai na faɗa."

"Yana can yana mutuwa! Sau nawa zan gaya miki? Na karanta miki, na zana miki, na roƙe ki da Allah. Kunnenki na ado ne? Ba ni mabuɗina!"

Ƙofofin hawa na huɗu suka fara buɗewa. Fuskar Ummu Ra'afat ta yi ja.

"A kan zomo, Awatif? A kan abin da muke ci da lalo kike tara mini jama'a?"

"Likita ta hana! Ta hana!"

"Yau kika san likita? Shekara nawa likita ya hana mijinki Abu Shadi zaƙi saboda ciwon sukari? Wa ke yi masa kunafa sharkaf da sukari duk Alhamis, har bayan an yanke masa yatsun ƙafa? Ni na hana ki? A nan wurin kika tsaya kika ce mini ba za ki iya kallonsa yana cin dafaffen kabewa kamar maraya ba!"

Ummu Ra'afat da kanta ta sa hannu ta toshe baki, amma maganar ta riga ta fita. Kuma gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Awatif ta san wannan tun ranar da aka fitar da gawar Galal, shekara shida tana zagaye maganar a cikin ranta kada ta taka ta. Ta miƙa hannu kawai. Aka sa mata mabuɗin a tafi, ta juya ta rufe ƙofa.

Yini biyu ba ta taɓa keken ɗinki ba. Ta zauna a ƙasa da zomon a cinya, tana ɗura masa kunu yana zubarwa, tana murza masa ciki da yatsa biyu, tana zaginsa. Ta zagi wanda ya saye shi, da wanda ya yar da shi, da labulen asibiti, da tsanin da ta hau ta hango shi. Ta yi kuka, kuma ta san ba duka kukan ne na Mishmish ba. An ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya ranar Alhamis, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ranar Juma'a da hantsi ta durƙusa da gilashinta tana bincika ciyawar keji, sai ta gan su: ƙwaya biyar, ƙanana, busassu. Ta ƙirga sau biyu. Mishmish ya ja sili ɗaya na ciyawa ya fara tauna a karkace.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta buɗe ƙofa baki har kunne, sunan Ummu Ra'afat yana kan harshenta, don a duniya babu wani mahaluƙi da za a yi wa albishir da kashin zomo ya yi guɗa sai ita. Ƙofar can a rufe take. Ana jin motsin cokali a tukunya daga ciki. Awatif ta tsaya har murmushin ya bushe a fuskarta. In ta buga, za a buɗe, za a rungume ta, a yi kuka, kuma kafin la'asar za a shigo da faranti da wani abu a aljihun riga.

Ta koma ciki ta murza mabuɗi sau biyu.