Saniya a Zanen Ubale

Ubale marubucin allon shaguna ne a Kafin Maiyaki. Kullum da safe yakan ɗauki guntun katako kamar tafin hannu, ya zana duk abin da ya fara wucewa ta ƙofar shagonsa da fentin mai.

Wata ranar kasuwa wani makiyayi, Habu, ya tsaya kallon zanukan. Can ya nuna ɗaya.

"Malam, wannan saniyata ce da aka sace. Ga karyayyen ƙahonta."

Ubale ya ce, "Ran Talata aka wuce da ita."

Habu ya ƙura wa mai janta a cikin zanen ido. Ƙanensa ne, wanda suka kwana uku a daji suna nemanta tare. Ya sulale ya zauna a ƙasa. Sai Ubale ya miƙa masa ruwa.