Shekarar da Saje Ya Shiga Jirgin Unguwarmu

Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. Inda na yi shiru kuka ne ya zo, sai a jira ni. Tun da maigidana Malam ya rasu, ba abin da ke yawan dawo mini kamar shekarar da Saje ya shiga jirgin unguwarmu.

Lokacin ba a daɗe da yanko mana jiha daga Sakkwato ba. Aka kawo wasu sojoji Yelwa, ɗayansu, wanda ake kira Saje, ya kama haya a gidan da ke jikin katangarmu, shi da matarsa da 'ya'yansu mata. Mutanen kan dutse ne, can bayan Jos, kuma Kiristoci. Da fari daga nesa muke gaisawa, don mu kaki tsoro yake ba mu. Matar ce ta fara shigowa, ƙamshin bandar kifina ya jawo ta. Ta zauna tana koyon naɗe tarwaɗa da soke ta da tsinke, hayaƙi na sa ta hawaye, tana dariya.

Daga nan ba abin da ake yi a gari da ba su shiga ba. Da Sallah ta ɗinka anko irin namu, na ƙunsa wa 'yan matan lalle. Da Kirsimeti ta kawo wa Malam kaji ya yanka da hannunsa, don mu ci hankali kwance. Guɗa ce kaɗai ta gagare ta. In ta kama hanci ta gwada, har awaki sai sun waiwayo.

Bayan an kwashe shinkafa akan yi wasan jirage a kogi, kowace unguwa da nata. Malam ke zama a baya yana riƙe namu. A shekarar ƙanensa ya tafi kamun kifi wajen Ngaski, wurinsa a jirgin ya zama ba kowa. Wata la'asar Saje ya same shi a ƙofar gida yana gyaran taru.

"Baba, a ba ni wurin nan mana."

Malam ya ce, "Saje, wanga fa ba faretin bariki ba ne."

"Ba hannu ake so ba? Ga shi," ya nuna damtsensa.

Wasu dattawa sun yi gunaguni, Malam ya ce maƙwabcinsa ne, shi ya tsaya masa. Suka riƙa gwaji a gefe-gefe, har Saje ya iya sa filafili daidai da kiɗa.

Ba wanda ya tambaye shi ko ya iya iyo. A wajenmu wannan ba tambaya ba ce, yaro na iyo tun bai san wando ba. Ba kuma wanda ya gaya masa al'adar jirginmu: a ci ko kar a ci, da an wuce alamar ƙarshe sai a kife shi a tsakiyar ruwa, mazan su taru su tashe shi, mata na guɗa. Kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya faɗa.

Ranar wasa bakin ruwa ya cika, ga makaɗa, ga masu tuyar kifi. Matar Saje na gefena. Jirage suka tashi, muna hango shi da jan ƙyalle a ka kamar sauran, ya fi kowa tsawo. Na ce mata, "Kin dai riƙo masa busassun kaya ko? In sun kife jirgin sharkaf zai fito."

"Wace kifewa, Inna?"

Na yi mata bayani. Ta riƙe mini hannu har sai da na ji zafi.

"Inna, bai iya ruwa ba. Rafin garinmu iyakarsa gwiwa. Kunya ce ta hana shi faɗa."

Na saki mayafina na bi gaɓa da gudu, ina ture mutane. Na kira "Malam", amma rabin mazan kogin Malam ne, ga kuma kiɗa. Jirgin ya wuce alamar, na ga sun fara jijjiga shi. Ni da tun ranar da aka kai ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, ran nan na ƙwala shi a gaban gari duka.

Ya waiwayo. Na nuna Saje, na nuna ƙasan ruwa, na kaɗa hannu. Kafin in sauke hannun jirgin ya juye.

Kawuna suka riƙa fitowa, mata na guɗa, ni ina neman biyu da ban gani ba. Matar Saje ta iso ta durƙusa a cikin laka tana addu'a da yarensu, ni ina tawa. Can sai ga Malam ya ɓullo nesa da jirgin, ya tallafo haɓar Saje.

A kan rairayi Saje ya amayar da ruwa, ya buɗe ido ya ce, "Baba, mun ci?"

Malam na haki ya ce, "Na uku muka zo. Kai ka fi kowa nauyi."

Na zaci kunya za ta sa Saje ya daina fitowa. Kwana kaɗan sai ga shi a mashaya, ƙato da shi, ya rungume gora yana bugun ruwa da ƙafa, matarsa na tsaye tana masa tsiya. Kafin wasan baɗi aka mayar da su wani wuri. Ranar tafiya ta yi mini guɗa daga cikin mota, har lokacin ba ta iya ba. Ban sake jin labarinsu ba, ko suna raye, Allah masani.

Tun daga nan duk wanda zai hau jirgin Malam sai ya tambaye shi, "Ka iya ruwa?" Ko da tsohon masunci ne, ana ta yi masa dariya. Ni kuwa shekara da shekaru yana tsokanata. In ina zuba masa tuwo sai ya ce, "Mi kika ce ran nan a bakin ruwa? Ban ji da kyau ba, sake faɗa." In ja mayafi in ce ban san zancen ba.

Ban sake faɗa ba sai ranar da aka fita da shi. Mata sun cika tsakar gida, na shiga ɗakinsa na kira sunan a hankali. Allah Ya jiƙan Malam. Da na sani, da na faɗa masa tun yana roƙo.