Baƙar Rigar Araren Yaya Shigeno

Kai mai karatu, tsaya in yi maka kacici-kacici tun kafin hawaye su jiƙa mini takarda. Duk faɗin kwarin nan namu, daga gada har gindin dutse, araren kowa, wato soyayyun gutsattsarin busasshen tuwon shinkafa, tsirara yake fitowa daga cikin mai, a barbaɗa masa gishiri, shi ke nan. Gida ɗaya ne nasu ke sanye da baƙar riga mai kauri, har ba ka ganin jikinsa. Me ya sa? Riƙe amsarka tukuna.

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da hantsi, Yaya Shigeno Kurobe ta rasu a ɗakinta tana da shekara tamanin da huɗu. Yayar mijina ce. Ni kuwa tun ranar da aka kawo ni gidansu, shekara hamsin da takwas ke nan, ban kira ta da wani suna ba sai Yaya.

Yaya, da kin ga jama'ar da ta zo yi miki rakiya, da kin ce an kashe turare da yawa. Tsofaffi da sanduna, 'yan mata da suka hawo jirgin ƙasa daga birni, har da mutanen da kika taɓa kora daga kicin da ludayi. Kowa ya buɗe baki, arare. Wannan ya ce lokacin da yake aikin ma'aikata a nesa kin aika masa gwangwani guda, ya ɓoye a ƙarƙashin gado kada abokan ɗaki su ji ƙamshi. Waccan ta ce shekarar da mijinta ya mutu, gidansu na makoki ba su daka moci ba, tuwon shinkafar nan mai danƙo na sabuwar shekara da ake busarwa a yi arare, sai ga ki da ƙunshi a ƙofar baya, kika ajiye kika juya ba ki jira godiya ba. Ina zaune ina jin su, ƙirjina sai kumbura yake kamar ni aka yaba.

Tsoho Tokuji, maƙwabcinmu, mai haƙori biyu rak, ya ce, "Ni na san asalin baƙar rigar nan. Wani malamin haikali ne ya koya wa kakarta."

Na ce, "Kai Tokuji, yaushe rabon da ka tauna arare? Tsotsa kake yi kamar jariri."

Ya ce, "Ke Fusae, ko a gidan makoki bakinki ba ya hutu?"

Na ce, "Mai gidan makokin ce ta koya mini."

Ba laifinsa ba ne, Yaya. Ke kika yi ta raba wa mutane ƙarya. Kin ce wa wasu malamin haikali, kin ce wa wasu a mafarki kika gani, kin ce wa matar da ta zo daga ofishin gari da littafin rubutu wai kwalbar baƙin ruwan waken soya ce ta kife miki. Kuma ta rubuta! Muka yi alkawari ni da ke cewa gaskiyar za ta zauna a ciki sai ɗayarmu ta tafi. Kin riga ni. Don haka yau zan faɗa.

Ni 'yar mai sayar da kifi ce daga bakin teku. A gidanmu wuƙa ce komai, kuma ba mu taɓa yin mocin hadayar sabuwar shekara da ya kai sha ɗaya ga Janairu, ranar fasa shi, ba, tun ran uku yunwa ke sauko da shi. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa mocin da aka ajiye wa alloli ba ya haɗuwa da wuƙa, sai hannu ko gudumar katako, don wanda ya yanka shi ya yanke arzikin gida da ran mutanensa. A sabuwar shekarata ta farko a gidanku, Baba, uban mijina, yana kwance, tari ya cinye shi, ko ruwan shinkafa da ƙyar yake haɗiya. Inna kuwa, surukata, mace ce da ko hankaka ya yi kuka a kan rufi sai ta nemo wanda ya jawo.

Ran sha ɗaya da safe Inna ta tafi kiran likita. Ni kuma, don in burge, na sauko da mocin nan mai hawa biyu, na ɗauki babban na ƙasa, na fito da wuƙar da babana ya ba ni ta aure. Ya yi tauri kamar dutse, amma na hau shi da gwiwa da gumi, na yanka shi ƙanana-ƙanana, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Na jera su ina jiran yabo.

Sai kika shigo. Kika dubi faifan, kika dubi wuƙar, kika dubi ƙofar ɗakin Baba. Fuskarki ta yi fari fat.

Kika ce, "Ke 'yar mai kifi, kin san abin da kika yi?"

Na ce, "Ai na yi kyau, ko Yaya?"

Kika ce, "Kin yi kyau ƙwarai. In Baba ya mutu bana, ke kika kashe shi. Haka Inna za ta ce, haka gari zai ce, kuma ƙanena ba shi da bakin da zai tare miki. Miƙo gudumar nan."

Kika yi ta dukan yankakken mocin nan kina zagina ƙasa-ƙasa. Ƙaramin na sama da ban taɓa ba, shi kika farfasa aka yi kunun wake na ranar. Sauran kika haye da shi saman rufi kika shanya, kika ce wa Inna ɓera ne ya sa kika ɗauke da wuri. Kwana goma ina tafiya a gidan kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Da ya bushe muka soya, sai ga abin da muke tsoro: ya kumbura ya yi ja, amma kowane ɗaya da gefensa guda a miƙe sumul. Guduma ba ta yin haka. Makaho ma ya shafa zai gane.

Na fara kuka. Kika ce in rufe miki baki in hura wuta. Kika zuba ruwan soya a tukunya, kika juye sukarin gidan gaba ɗaya, kika kankare citta, kika dafa har ya yi kauri yana jan zare. Kika tsoma araren ciki, kika mirgina shi a baƙin riɗi da garin ganyen teku, kika sake tsomawa. Ya fito dunƙule-dunƙule, baƙi ƙirin, ba gefe ba kusurwa.

Inna ta gani ta riƙe haɓa. "Shigeno, wannan wace irin ɓarna ce? Arare ne ko kashin akuya?"

Kika ce, "Baba ba ya jin ɗanɗanon komai, Inna. Na ƙara masa ne."

Baba ya ci uku. Ya nemi na huɗu. Inna ta koma gefe tana share ido da hannun riga.

Ya rasu a watan Afrilu. Ba wanda ya dube ni, amma ni na dubi kaina, abinci ya daina shiga. Kika same ni a bakin rafi ina wanki, kika ce, "Wuƙarki shinkafa ta yanka. Baba kuwa shekara arba'in yana shan taba kamar murhu. Kada ki ƙwace wa taba aikinta." Ranar na yi dariyar farko a gidanku.

Da shekara ta zagayo Inna ta ce a yi irin wanda Baba ya ci. Aka yi. Maƙwabta suka ɗanɗana, suka dawo da kwanuka. Daga nan ba ki sake samun hutun Janairu ba har tsufanki. Kuma duk shekara sai kin miƙo mini gudumar a gaban mutane kin ce, "Ungo, 'yar mai kifi, wannan ba ta da kaifi." Su yi dariya ba su san me suke wa dariya ba.

Mutane suna alfahari da hannunki, Yaya. Ni da zuciyarki nake yi. Jikokina za su karanta wannan su yi ta tsokanata, wasu tsofaffin ma su yi gunaguni. Su yi. 'Ya'ya huɗu da jikoki tara na samu a gidan da ban yi zaton zan kai bazara a cikinsa ba.

Mai rahama ya ji ƙanki, ya yafe miki ƙaryayyakin nan, don dukansu saboda ni kika yi. Tafiyar kwana arba'in da tara da mamaci ke yi ta zo miki da sauƙi, ki tarar da Baba da Inna da ƙanenki lafiya. In Inna ta tambaya, ki gaya mata, yanzu ba ta iya korata. Ga ɗanki Noboru da matarsa Kikue da jikoki, ina yi muku ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Kikue, faifan mocin da Yaya ta shanya kafin ta kwanta, kada ki kai shi mai sai ya cika kwana goma, in ba haka ba zai fashe miki a fuska.

To, mai karatu, ga amsarka. Baƙar rigar nan an ɗinka ta ne don ta rufe sawun wuƙa. Ni na riƙe wuƙar, Yaya Shigeno ta rufa mini asiri shekara hamsin da takwas.