Zumar Yaya Salmin

Yayana Salmin bai san tsoro ba, ni Barka ƙanwarsa shaida ce. Tun yana saurayi yake bin amyoyinsa a kwarin Dau'an, ba safar hannu ba rufin fuska, ƙudan zuma su lulluɓe masa wuya yana ta surutunsa. Ya taɓa tafiya Jidda neman aiki kamar sauran mazan garinmu, bai rufa shekara ba ya dawo, wai zumar can ruwan sukari ce.

Zumar magarya yake cira, kuma a wurinsa ba ciwon da ya gagare ta. Tari, ƙuna, gyambo, har faɗan miji da mata, sai ya ce a sha zuma. Duk jaririn da aka haifa a unguwarmu sai an kai masa, ya dangwalo da ɗan yatsa ya shafa masa a dasashi, ya yi addu'a. Nawa 'ya'yan ma haka aka yi musu, ga su nan ƙatti.

Da Ganiya matar ɗansa ta haifi namiji, aka sa masa suna Karama, sai abin ya wuce na al'ada. Uban yaron yana Kuwait wurin aiki, kakan kuwa kullum da safe yana bakin ƙofa da kwalbar zumarsa.

"Baba, a asibiti fa sun ce nono kawai," in ji Ganiya, kanta a ƙasa.

"Sun ce! Ke 'yar nan, mijinki da ita ya girma. Kin ga ya ragu da wani abu?"

Muka yi dariya, har da ni.

Yaron bai cika wata biyu ba ya daina bayan gida. Daga nan ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, yana dalalowa ta gefen baki. Idanunsa suka ƙi buɗewa sosai. Kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ba zazzaɓi, ba amai, shi ya fi ba ni tsoro. Ran da na ɗaga shi kansa ya faɗa baya, hannuwa suna reto. Ina juyowa sai ga Salmin yana dama zuma a ruwan ɗumi.

"Ciki ne ya ɗaure, yanzu zai saki."

Na fizge kofin. "Yaya, don girman Allah nemo mota!"

Har muka isa asibitin birnin Mukalla, Ganiya na sa kunne a hancin yaron, tana cewa, "Inna Barka, yana numfashi? Duba mini." Ni kuma ba abin da ke fita bakina sai innalillahi.

Likitar ta ɗaga ƙafarsa ta saki, ta haska masa ido. Sai ta ce, "An taɓa ba shi zuma?"

"Ta magarya ma, ba gauraye," in ji Salmin, har da ɗaga kai.

Ta sa aka shige da yaron, sannan ta dawo ta zaunar da Salmin. Ta ce akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke kwance a ƙasa da ƙura, cikin ɓawo, ido ba ya ganinsu, wani lokaci su faɗa cikin zuma komai tsabtarta. Ɓawon ke kare su su ratsa ciki lafiya har hanji. Hanjin babba cike yake da nasa ƙwayoyin masu amfani, baƙo bai samun wurin zama, sai ya wuce. Na jariri kuwa gida ne da ba a gama tarewa ba. Nan suke farkawa, su hayayyafa, su saki dafi cikin jini, ya bi yana kashe ƙarfin jiki tun daga fuska.

"Ina zai tsaya?" Salmin ya tambaya.

"Ƙirjinsa muke ji wa, Baba."

Kafin la'asar an sa wa yaron na'urar numfashi. Likitar ta ce abin ba kasafai yake faruwa ba, amma yayana bai ji ba. Ya zauna dirshan a barandar asibiti yana duban yatsansa.

"Barka, yanzu haka suna cikinsa suna ƙaruwa?"

Ya daina cin abinci. Da ya ji ƙarar na'urar ta canja sai ya zabura ya kama bango. Lokacin cirar zuma ya zo ya wuce, ko amyoyin bai tambaya ba. Na tausaya masa, na kuma ji haushinsa, na ji haushin kaina da dariyar nan.

Mun daɗe, har na daina ƙirga juma'o'i. Allah cikin ikonsa aka cire na'urar, daga baya aka sallame mu. A mota Salmin gaba ya zauna, bai waiwayo ba. A gida ma ya tsaya can bakin ƙofa, hannuwa a baya.

Ganiya ta miƙa masa yaron. Ya ja da baya.

"A'a, 'yar nan. Ba wa Barka."

"Baba, riƙe mini, hannuna ya gaji."

Ta ɗora masa shi kawai ta saki. Karama ya lalubo gemunsa, ya damƙe, ya fizga har kan tsohon ya sunkuyo.

"Ja," in ji Salmin, hawaye na bin gemun. "Ja da ƙarfi, ɗan nan. Ƙara ja."