Wutsiyar Begila

Shekara talatin da ɗaya ina auna Ruperto Gittens, saboda haka in ana maganar jikinsa, daga matarsa sai ni. Delfina sunana, ni ce telar 'yan badujalar Layi na Takwas a nan Colón. Duk shekara tun daga watan Yuli sai ƙarti ɗari da ɗoriya sun yi layi a ƙofar shagona, kowa yana tsuke ciki, sai ka ce tef ɗin awona makaho ne. Ruperto kaɗai ba ya tsukewa, don babu abin tsukewar. Ƙugunsa inci talatin ne ranar da na fara auna shi, yau yana da shekara sittin da uku, talatin ɗin ne dai.

Ƙanƙara yake sayarwa a amalanke a bakin kasuwa. Ya kankare ta a kofi, ya zuba ruwan zaƙi ja ko na tsamiya, ya ɗiga madara a kai. Daga wannan amalanke ya aurar da 'ya biyu, daga ita kuma yake biyan kuɗin haukansa, wato begila.

Wanda bai shiga ba ya ɗauka fareti kyauta ne. Ina! Babu mai biyansu ko kwabo, su ke biya. Kayan bara ba sa fita bana, abin kunya ne, sai sauran ƙungiyoyi su yi wata guda suna yi mana dariya. Kowace shekara sabuwar riga, sabon wando, hula mai gashin tsuntsu, farin takalmi, farar safar hannu, ga kuɗin mota. Kafin mutum ya tsaya a layi dala ɗari biyu ta yi fiffike. Kuma shugabansu mai riƙe da sanda, Cleveland Prescod da muke kira Manjo, doka ɗaya gare shi: ba kaya, ba layi. Ɗansa na cikinsa ya taɓa kallon fareti daga bakin titi saboda hula. To, kowa ya ci zomo ai ya ci gudu. Ruperto da gwangwanin madara yake nasa gudun, yana fara jefa masa tsaba tun Disamba, kuma shekara arba'in da huɗu bai taɓa fashi ba.

Yana da laifi guda da duk Colón ta sani. In Manjo ya sauke sanda, begila sittin ɗif suke yi lokaci ɗaya, kamar an yanke da almakashi. Ta Ruperto sai ta ɗan ƙara ja, ɗan siririn sauti shi kaɗai a sama. Wutsiya muke ce mata. Manjo ya yi faɗa, ya ci shi tara, ya mayar da shi layin baya har sau uku, a banza. Ba ko'ina yake yi ba kuwa, sai a kwanar Layi na Takwas, ƙarƙashin wata tsohuwar baranda ta katako. Yana ɗan shekara sha tara ya ɗaga kai a wurin, ya ga wata yarinya tana ɓare lemo, ya manta da sanda. Yarinyar ta yi masa dariya. Icilda ke nan, matarsa, ƙawata, wadda na riƙe wa 'yar fari ranar baftisma, shi ya sa su biyun Komadre suke kirana. Har yau a benen suke zaune. Ciwon suga ya tafi da idanunta shekara shida da suka wuce, amma duk ranar fareti sai an fito mata da kujera baranda.

Cikin Agusta, ana tafka ruwan nan namu da ba ya sallama, ƙafar amalanke ta faɗa kwata, hannun amalanke ya daki bakinsa. Haƙoran gaba biyu na sama suka tafi. Begila kuwa ba ta da maɓalli, ba ta da ramin yatsa. Leɓe ne da iska, da haƙoran da leɓen zai jingina da su.

Bayan sati biyu ya shigo shagona ya yashe mini baki. Haƙora fes, har sun fi na da fari.

Na ce, "A'a, Kompadre, ango! Wa za ka burge?"

Ya sa yatsa ya zaro su, na roba ne. Ya ce, "Na magana ne da cin shinkafa. Da na danna begila sai su zame, iska ta bi ta gefe. Jiya na gwada, akuyar maƙwabta ce ta amsa mini."

Na yi dariya har da riƙe keke. Shi bai yi ba, sai na kama kaina.

Likitan haƙori ya ce masa akwai waɗanda ake kafawa daram, amma kuɗinsu daidai da abin da ke cikin gwangwanin ne, har da ɗan ƙari. Ga yadda ta tsaya masa: in ya sayi haƙora zai iya busa amma ba shi da kayan shiga layi, in ya sayi kaya zai shiga layi amma ba busa.

"Icilda fa?" na tambaye shi.

"Ta shafa bakina ta ji haƙora, ta gode wa Allah. Na bar ta a haka. Ke me kika gani, Komadre?"

A nan na yi wautar da har gobe take ci mini rai. Ni tela ce, riga nake gani. Na ce masa, "Haba Ruperto, begila sittin! Ka ɗaga taka, ka kumbura kumatu, wa zai sani? Shekara arba'in da huɗu za ka yanke saboda haƙori biyu? Kawo kuɗin yadi, ɗinki na yafe. Haƙora sa zo baɗi."

Ya daɗe yana jujjuya hularsa. Sannan ya miƙe ya buɗe hannuwa, na auna shi.

Kayan bana kam sun yi kyau, ba don ni na ɗinka ba. Farar riga mai shuɗin ƙirji, igiyar zinariya a kafaɗa. Ba aljihu ko ɗaya, kamar kullum, don Manjo ya ce aljihu na ɓata tsayuwar namiji.

Ranar uku ga Nuwamba, ranar faretin farko, na hau benen tun da hantsi da soyayyen biredi da kifi, na zauna kusa da Icilda. Ta sha kitso, ta sa 'yan kunnen aurenta. Ƙungiyoyi suna ta wucewa, tana faɗa mini sunan kowace tun kafin su shawo kwana. Can ƙasa ta fara rawa da manyan ganguna, ta kama hannuna.

"Namu ne. Yi mini shiru."

"Ni na ce wani abu?"

"Numfashinki ma ya yi yawa."

Ga su nan, fari fat, rana na walƙiya a kan tagulla. Ruperto a layin gaba, na uku daga hagu, ƙirji a buɗe, kumatu a kumbure, wallahi ko uwarsa ba za ta ce ba busa yake ba. Suka iso ƙarƙashinmu. Manjo ya cilla sanda sama, ya cafe, ya sauke. Ɗif. Ko ƙuda bai yi tari ba. Titi ya ɗauki tafi, don ba a taɓa jin yankan Layi na Takwas da tsabta haka ba.

Icilda ba ta saki hannuna ba. Ta karkata kunne tana jira, har ganguna suka sake ɗauka, har suka yi nisa.

"Ruperto bai zo ba," ta ce.

"Ya zo mana, ga shi can."

"Delfina, kar ki ɓoye mini. Faɗuwa ya yi? Yana asibiti?"

"Na rantse miki yana layin gaba! Ki ga yadda rigar ta zauna masa, igiyar nan ta..."

"Ke riga kika gani," in ji ta. "Ni ba riga na aura ba."

Ta cire 'yan kunnen ta riƙe a hannu, ta ce in mayar da ita ɗaki. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ƙasa ta tsage, ga shi a bene muke.

Da la'asar na same shi a bakin teku inda ake watsewa, ya cire takalmi yana shan iska, samari na yi masa barka wai yau tsoho ya shiryu. Na ja shi gefe na faɗa masa abin da ta ce, ban rage ko kalma ba. Na ce laifina ne. Ya dubi begilar da ke cinyarsa.

"Duk shekara shidan nan," ya ce a hankali, "na ɗauka ke kike faɗa mata ga ni nan."

"Ban taɓa ba. Ita ke faɗa mini."

Saura fareti ɗaya, na ranar biyar, ranar Colón tamu ta kanmu. Kwana biyu ba sa isa a kafa haƙori, ko da akwai kuɗin, kuma babu. Washegari amalanke ba ta fita ba. Masunta suka ce sun gan shi a ƙarshen ganuwar teku tun safe, ya cire na robar, ya karkatar da begila gefen baki inda sauran haƙora suke, yana ta fama. Mai shekara sittin da uku yana koyon abin da ya iya tun yana yaro. Suka ce tsuntsaye ma sun bar wajen.

Ranar biyar da safe, ana shirin jeruwa, ya zo ya danƙa mini wani abu a ƙulle cikin hankici.

"Riƙe mini, Komadre."

"Mene ne?"

"Rigarki ba aljihu."

Na taɓa na ji ko mene. Na ce, "Amma dai ka raina ni! Shekara talatin da ɗaya ina yi maka ɗinki, yau ni ce ma'ajiyar haƙora?" Ya yi dariya da giɓinsa a waje, sai na ga leɓensa na sama ya kumbura, ya tsage ta gefe. Na jefa hankicin a jaka.

Icilda ta ƙi fitowa da fari. Ta ce kanta na ciwo, ta ce ta gaji da hayaniya. Na ce ko a goye sai ta fita, kuma ta san ni. Ta fito ba 'yan kunne, ta zauna ta haɗa hannuwa a cinya.

Hadari ya haɗu, yayyafi ya soma, ƙungiyoyi na wucewa ba ta kira sunan ko ɗaya ba. Da namu suka shawo kwana ban ce mata komai ba. Daga baya na ji cewa duk tsawon hanyar bai busa ko sau ɗaya ba, leɓen yake tattali. Suka iso. Sanda ta tashi, ta dawo, ta sauka. Ɗif.

Sai ga wani sauti ya fito daga layin gaba. Jama'a, ban taɓa jin abu mai muni haka daga bakin tagulla ba. Ya fara kamar tsohuwar ƙofa, ya karye a tsakiya, ya yi kamar zai mutu, sannan ya lallaɓa ya hau, ya tsaya siriri yana rawa, shi kaɗai a kan titi. Yara suka fashe da dariya. Manjo ya juyo gaba ɗaya, ido ja, ya ga ko waye, ya ga jini na bin haɓar tsohon yana ɗiga a farar rigar da na ɗinka. Ya juya ya ɗaga sandarsa, bai ba ganguna izini ba sai da wutsiyar ta ƙare don kanta.

Icilda tana tsaye, ban ga lokacin da ta miƙe ba. Ta riƙe katakon baranda, hawaye na zuba, tana dariya irin wadda na tabbata ita ta yi tana 'yar shekara sha bakwai.

"Ga shi nan," ta ce. "Ɗan banza, ya makara kamar kullum."

Ni ma kuka nake, ba na ɓoyewa. Na laluba jaka neman abin share ido, na jawo hankicin nan na manta, abin ciki ya faɗo a kan katako, ƙwas.

"Me ya faɗi?"

"Ba komai, maɓalli ne."

"Delfina, makauniya ce ni, ba kurma ba. Miƙo."

Na tsince su na sa mata a tafin hannu. Ta shafa su da babban yatsa, gaba da baya, ta daɗe. Na ga fuskarta tana haɗa Agusta da ranar uku da abin da ta ji yanzun nan.

Na ce, "Kawo in adana masa."

Ta rufe hannunta. "Koma kan kekenki. Riga taki ce, ki je ki ji da jinin. Waɗannan nawa ne."

Ta zauna, ta ɗora hannun a ƙirjinta, ta ce in shiga ɗaki in ɗauko mata 'yan kunnenta kafin ya dawo.