Hedifon ɗin Kawu Buba

Ku da kuka zauna a Mubi kun san Kawu Buba, ko da ba ku san sunansa ba. Matuƙin Jirgi mana! Mai shagon ɗaukar waƙa da kwafar kaset ɗin nan na bayan tasha. Yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na girma. Hedifon ɗinsa ne ya jawo masa laƙabin: wani baƙin ƙato irin na masu aikin situdiyo, mai rufe kunne ruf, da doguwar waya mai murɗe-murɗe kamar ta tsohuwar tarho. Da shi yake shiga kasuwa, da shi yake hawa acaɓa. Salla kaɗai ke raba su, ita ma a gabansa yake ajiye shi.

Ina budurwa na dame shi da roƙo sai ya sa mini waƙar da nake so in ji da shi. Wayyo, da na sani! Abin ya matse mini kai kamar ɗaurin kallabin amarya, kunnuwana suka jiƙe da gumi. Waƙar kuwa ta fito salam, miya ba gishiri. Babu dukan nan da ke girgiza ƙirji a sifikar biki. Sai numfashin mawaƙin, da ƙarar kujerar da yake zaune, har da wata akuya can nesa.

Na ce, "Kawu, ai wannan ya ɓata waƙar."

Ya ce, "Kai, yarinyan nan bai san komai ba! Sifika kwalliya yake yi wa waƙa. Wannan ba ya ƙarya."

Wannan ba ya ƙarya. Ko a kabari aka tashe ni zan tuna wannan magana.

Maƙwabcinmu Baba Ishaya, shugaban mawaƙan cocinsu, ya taɓa kawo mutanensa daga Muchalla a ɗauki waƙarsu. Sun ɗauko waƙa ke nan, murya ta hau, Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Wani yana cin gyaɗa a baya."

Baba Ishaya ya fusata. "Malam Buba, waƙan Allah muke yi, wa zai ci gyaɗa?"

"Ni dai na ji. Soyayye ne ma."

Can sai matar Baba Ishaya da kanta ta buɗe hannu, ga gyaɗa a ciki. Har Kawu ya bar duniya in sun haɗu sai ya tambaye ta kasuwar gyaɗa, ita kuma ta ce Allah ya isa tsakaninta da wannan baƙin abu.

Amma mu na gida mun san abin da ya sa ya manne masa. Matarsa, Inna Dudu, ta rasu da wuri, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba, don ita ko kusa ba ta yarda da kyamara. Abin da ta bari kaset ɗaya ne na wani biki da Kawu ya ɗauka. A tsakiyar kiɗan kalangu ta zo kusa da shi ta ce, "Buba, cire wannan abu ka ci abinci, ya huce." Shi ke nan maganar. A sifika ba ka jin komai, kiɗa ya danne ta. A hedifon ɗin ne kawai take fitowa, a kunnen hagu, da ɗan tsakinta a ƙarshe. Kullum kafin abincin rana sai ya sa kaset ɗin, ta yi masa faɗa, ya ce, "To, na ji," sannan ya wanke hannu. Da soson kunnen ya tsufa ya fara zuba mana baƙin gari a wuyan riga, na ce ya sayi sabo. Ya kalle ni kamar na ce ya sake aure. Tela ya kai wa, aka lulluɓe soson da ƙyallen tsohon zaninta.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ni na goya ɗana, na ɗauki garin masara. Kawu kuwa ya fito da hedifon a wuya, 'yar rediyon kaset a aljihu, ko hula babu. Raina ya ɓaci, na ce, "Kawu, shi za mu ci a hanya?"

Da ƙafa muka bi ta Duvu. A bakin wani mayo, wato rafi, 'yan sintiri suka tare mu. Suna ganin waya ta fito daga aljihunsa ta hau kai, suka ɗaga bindiga.

"Baba, da wa kake magana? Kai ne kake ba su labari!"

A kwanakin nan an kashe mutane a kan abin da bai kai haka ba. Wani ya miƙa hannu zai fizge wayar, Kawu ya riƙe gam.

"Harbe ni in kana so, amma kada ka ja wayan nan, ba a samun shi a Mubi. Ungo, ji da kanka."

Ya ɗora wa babbansu a kai, ya danna kaset. Mutumin ya tsaya da bindiga a hannu, fuska murtuk, da atamfa a kunne. Can sai ya zabura.

"Wace mata ce take mini faɗa?"

"Matata ce. Ba da kai take ba."

"Tana ina?"

"Ta rasu."

Mutumin ya cire hedifon ɗin da hannu biyu, ya mayar masa. Ya ce, "Baba, wuce. In ka isa, ka ci abincin." Na yi dariya, na yi kuka, duk a wuri ɗaya.

Mun dawo mun tarar da shago ƙurmus, injina da kaset duk sun ƙone. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya karya shi kunnensa ne. Tun ƙarar harbin da ya sha ranar gudu na hagun ya mutu. Sai ya juya hedifon ɗin, hagu ya koma dama. Na ce, "Kawu, ka sa shi a baibai." Ya ce, "Ita ce ta sake wurin zama." Daga baya na daman ma ya soma tafiya. Zai ƙure ƙara, ya runtse ido, ya mayar da kaset baya, ya sake mayarwa. Abinci ya huce a gabansa. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum haka ba.

A ciwonsa na ƙarshe ya ƙi cin komai. Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Rannan da rana ya yafito ni, ya ɗora mini hedifon ɗin, ya danna kaset, ya kafa mini ido. Kalangu ya tashi. Sai ga ta a kunnena, tsaf, kamar tana bayan ƙofa.

Ya ce, "Ta faɗa?"

Na gyaɗa kai.

"Har da tsakin?"

Na sake gyaɗawa, hawaye na zuba a kan ƙyallen zaninta.

Ya ce, "To, na ji. Kawo abincin."

Haka muka riƙa yi kullum har ranar da ba a bukaci kwano ba.

Allah ya jiƙan Kawu Buba, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya buɗe masa kunnuwansa biyu, ya sada shi da Inna Dudu a inda abinci ba ya hucewa.