Aljanin da Ya Haɗiye Kogi

Shekarar da famfunan Choggu suka ƙafe, wani ɗan takara ya kawo majigi filin unguwarmu bayan magariba, wai kyauta ce ga jama'a. Tsohon fim ne mai waƙe-waƙe. Wani aljani ya haɗiye kogin gari, ba ya tsiyaya wa talakawa ruwa sai sun yi masa rawa da waƙa. Ina zaune a kan galan ɗina, wanda tun safe nake yawo da shi ba ko ɗigo. Da mutanen garin suka taru suka farke cikin aljanin, filinmu ya kaure da ihu. Maƙwabciyata har guɗa ta rangaɗa.

Fim na ƙarewa sai ga Onarabul, ɗan takarar nan, da tankar ruwa. Ya ce ba za a buɗe ba sai mata sun rera waƙar jam'iyya. Nan take aka kama tafi, ana rausaya da bokitai.

Na ce wa maƙwabciyar, "Yaya, ba wannan muka gama kallo ba?"

Ta ce, "Ke, rufa mana baki, layi na tafiya."

Aljanin fim dai ko banza bai nemi ƙuri'a ba.